Numfashin da ke cikin balo

Jiya jikana ya shigo da ƙwallo yana ɗura mata iska da famfon keke. Na ce ya fita da ita waje. Ku ba ku san lokacin da ake hura balo da baki ba.

Babanmu soja ne, aiki ya kawo mu Diffa daga yamma ina 'yar shekara goma. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, aikina ido ne, kuma na gani. Yayana shi ke tsare gida idan yaran majami'armu suna wasa a bakin kogin Komadugu. Shi ke hura robar ciki har idanunsa su yi ja, ya ɗaure bakinta da zare.

Lokacin shanyar tattasai ne, iska na sa atishawa, kogi ya cika. Abokin yayana, ɗan mai buga gangar majami'a, ya buga, balo ta wuce yayana ta faɗa ruwa. Dokarsu ita ce wanda ya kasa tarewa shi zai ɗauko. Yayana ya tsaya yana duban ruwan. Abokin ya kira shi matsoraci. Ya shiga. Da rana tsaka ne, ko tsuntsu bai yi kuka ba.

Ba a samu gawarsa ba. Bayan kwana tara wani masunci daga wajen Baruwa ya kawo balo, tana nan tam. Kakata ta rataye ta a ɗakinmu, ta ce numfashin jikanta ne a ciki, kada wanda ya taɓa. Zafi ya zo ya wuce, ba ta sace ba. Wani lokaci ƙofa a rufe, sai ka ga tana juyawa a hankali. Ɗakin kuma kullum warin laka.

Shekara guda kakata ba ta ci Jibin Ubangiji ba. Idan gurasar ta zo gabanta sai ta naɗe hannu. Fasto ya yi magana, ta ce ba za ta nemi gafara da bakin da ya hana wani gafara ba. Shi kuwa yaron, abokin yayana, ya bar wasa, ya bar shiga majami'a. Kowace Lahadi yana tsaye bayan katanga, ya rame, kamar shi ne ruwa ya ci.

Da tattasai ya sake nuna, kakata ta kwance balo, ta ce in bi ta. Ta ajiye ta gaban yaron a fili.

"Buga, ɗan nan."

"Kaka, ba zan iya ba."

"Na tsare numfashin matacce, na bar mai rai yana shaƙewa. Buga."

Ya buga yana kuka. Yara suka shiga. Kafin la'asar balo ta hau ƙaya, muka ji ta yi doguwar ajiyar zuciya, kowa ya tsaya cik. Kakata ta ce amin. Lahadin nan su biyu suka karɓi gurasa a benci ɗaya.

Ni ban yafe ba a ranar. Sai da na yi shekara goma sha biyu kafin in amsa gaisuwarsa.

Yanzu ba a barin yara su sauka bakin kogi, filin ma ya zama gona. Abokin yayana ne ke koyar da 'yan wasan majami'a, kansa duk furfura. Ɗazu na kira jikana, na ba shi ƙwallonsa, na ce ya tafi wurinsa, kada ya makara.