Tulun Sabi'u da kaset ɗin da ya bari

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka raka Sabi'u mai gyaran rediyo makwancinsa a Karaye. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don wanda kuka yi wasan ƙasa tare ba ya shiga takarda da sauƙi. Abin da ya faru bayan ƙaramar sallar nan ne ya sa na ɗauki biro.

Da gyaran rediyo yake cin abinci, amma ciwonsa sauti ne. Da hannunsa ya haɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, daga tarkacen rediyoyin da masu su suka haƙura. Ya hau keke har garin Jajaye neman tulu, yana ƙwanƙwasa kowanne da yatsa kamar mai sayen kankana, ya dawo da ɗaya ya kifa sifika a bakinsa ya liƙe. Mutane suka ce Sabi'u ya taɓu. Ranar da ya kunna kuwa, wallahi a ƙirji muka ji kalangu, ba a kunne ba.

A zauren gidansa muke haɗuwa bayan la'asar, ga shayi ga gardama. Ni hatsi nake kaiwa Kano, don haka ni na fara shigo da na'urar faifan sidi majalisar, ina ta hura hanci. Na ce ku ji sauti tas, babu wannan shuuu ɗin na kaset. Sabi'u ya saurara ido a rufe, sannan ya taɓe baki.

"Isa, an wanke shi har ya koɗe," in ji shi. "An daddatsa murya an mai da ita lissafi. Ina numfashin mai waƙar?"

Abokinmu Yohanna, ma'aikacin asibiti, ya ce ai bambancin burkutu da giyar kwalba ne. Sabi'u ya ce a'uzubillahi, a bar mu da abin da muka sani, furar da aka dama a ƙwarya daban take da wadda inji ya markaɗa. Muka yi ta dariya. Har ciwo ya kwantar da shi bai sauka daga kan bakansa ba, ni ma ban sauka ba. Taurin kai ne ya haɗa mu tun farko.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Waƙa ta koma cikin waya, kowa ya toshe kunne yana ji shi kaɗai, babu mai cewa zo ka ji. Shi faifan da nake taƙama da shi ma ya bi kaset, ko mai gyaransa babu. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, na sani. Amma na tabbata da Sabi'u ya ga sifikar zamani da ba ta kai gwangwanin madara ba, sai ya nemi inda zai cusa ta a tulu.

Kaset ɗaya ne tak yake ɗauke da muryarsa, kuma yana hannuna. Ranar da yake gwada wata makirfo da ya gyara ya ɗauka, yana ta zuba a kan gardamarmu. 'Yarsa Bilkisu tana goye ya rasu, ba ta san muryar ubanta ba. Yanzu ta girma, tana karatun jinya. Da ta zo gaishe ni da sallah sai ta durƙusa ta ce, "Baba, an ce kana da muryarsa. Ina so in ji."

Zaren kaset ɗin ya tsufa, rikoda ta taɓa tauna shi sau ɗaya na warware da biro ina gumi. In ya tsinke, shi ke nan, yarinyar nan ba za ta taɓa jin ubanta ba. Mafita ɗaya ce, a juye shi cikin kwamfuta, wato a yi wa muryar Sabi'u abin da ya fi tsana a duniya. Na ce a raina, yafe min abokina, 'yarka ce ta tambaya.

Muka je Rogo wajen Nafi'u, mai shagon tura waƙoƙi a memori, mutum mai kula da aikinsa. Ya juye lafiya, zaren bai tsinke ba. Don ya kyauta mana, sai ya ƙara da gyara: ya cire shuuu ɗin, ya yanke inda babu magana. Muryar ta fito fes, Bilkisu ta sunkuyar da kai tana share ido. Ni kuwa raina bai kwanta ba, don na san kaset ɗin nan kamar yunwar cikina. Na ce, "Malam Nafi'u, akwai abin da ya fita. Kana da juyin farkon, kafin ka gyara?" Ya ce yana nan bai taɓa shi ba.

Ya kunna. Shuuu ya dawo, da ƙarar cokali a kofin shayi. Sabi'u yana tsakiyar zagin faifaina sai ya yi shiru, can nesa jaririya ta tsala kuka. Kujera ta motsa, takunsa ya yi nisa, ya dawo. Sai ga kukan dab da makirfo, yana jijjiga ta yana ɗan ƙyasta harshe, har ta koma ajiyar zuciya. Daga nan ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa don kada ta farka. Wannan ne aka yanke, saboda babu kalma ko ɗaya a ciki. Garin neman gira mun kusa rasa ido.

"Baba," ta ce, "wannan ni ce?"

"Ke ce, 'yata."

Na yi kuka a shagon mutane, ban ji kunya ba.

To wa ya ci gardama? Sabi'u bai yi daidai duka ba, don lissafin da ya raina shi ne ya riƙe kukan nan bai zubar da komai ba, kuma zai riƙe shi bayan zaren ya ruɓe. Ni ma ban yi daidai ba, da nake ganin duk abin da ba magana ba datti ne. Amfilifayarsa ta mutu tuni, majalisa ta watse, tulun yana ɗakina babu sifika. Abin da ya rage na Sabi'u shi ne mutumin da ya bar gardamar da ya fi so a tsakiya ya tafi ɗauko 'yarsa.

Nafi'u ya tambaye ta wanne zai tura mata a waya. Ta ce na farkon, kuma kada ya goge komai.