Dutsen da Ya Wanke Babana

Babana maƙeri ne a Birnin Kudu. Yana ƙera garma da fartanya da lauje kamar kowane maƙeri, amma da bindiga aka san shi. Adaka yake yi, irin wadda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a danna tsumma, a bi da dalma. Maharban Gwaram har zuwa Farin Dutse kusan duk tasa suke riƙewa. Yana da girman kai a kan sana'arsa, ba zan ɓoye ba. In ka ce fartanyarsa ta lanƙwashe dariya zai yi, amma in ka kushe bindigarsa, to ka tsokano tsuliyar dodo.

Da aka sallame ni daga soja, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, na sauka a tasha ina sauraron ƙarar masaba, don tun daga bakin hanya ake jin ta. Shiru. Na shiga gida na tarar an kife zugazugi, toka ta yi sanyi, kaji suna kiwo a kan uwar maƙera. Baba yana zaune a zaure ya rame, ya amsa gaisuwata kamar wanda ake bi bashin magana. Innata ce ta ja ni ɗaki ta ba ni labari.

Al'adar maharban yankinmu ce, in dawa ta fara nuna, birai suka fara saukowa daga duwatsu suna ɓarna, sai a taru a gindin wani babban dutse bayan Gwaram a gwada bindigogi. A kwaɓa toka a zana da'ira a jikin dutsen, kowa ya zo ya auna. Haka kakanninsu suka yi, ba a taɓa jin ko ƙwarzane ba. A waccan shekarar Sarkin Baka, shugaban maharba, ya karɓi sabuwar bindiga daga hannun Baba, ya ɗaga ya harba, sai wani da ke tsaye a bayansa ya faɗi riƙe da cinya. Wanda ya faɗin kuwa taubashin Baba ne, abokin wasansa tun suna yara. Aka kawo shi asibitin Birnin Kudu, ya rayu, amma ya tashi da ɗingishi. Kafin a watse ranar, wata bindigar ta Baba ta sake huda wa wani hannun riga. Nan take Sarkin Baka ya yanke hukunci: bindigogin maƙerin nan cin baya suke yi, sun bar dawa sun koma cin na gida.

Baba ya karɓo bindigar, ya kwance ta, ya duba ciki da waje bai ga tsaga ba. Duk da haka ya kashe wuta. Ya ce hannun da ya gurgunta ɗan'uwansa ba zai sake riƙe masaba ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da abin da na gani a bakin daga.

Washegari na tafi Gwaram duba taubashin nasa. Na same shi a inuwar ɗorawa yana tufkar igiya, bakinsa yana nan yadda na san shi.

"A'a, soja mazan fama! Ubanka ya kasa kayar da ni a kokawa tun muna yara, shi ne ya aiko mini da ƙarfe."

"Tsoho, ka bar wannan wasan, Babana ba ya ko cin abinci."

"Wautarsa ce. Na aika masa na ce ƙaddara ce, ya ƙi ji. Kai, zo ka ga abin da likita ya ciro."

Ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance. Na zaci zan ga dalma a baje. Sai ga boris, ƙwallon ƙarfen nan mai sheƙi da ake samu a gindin ƙafar keke da mota, gefe ɗaya a goge fari kamar an kankare shi da dutse. Na ji dariya tana neman ƙwace mini.

A filin koyon harbi na soja, bayan allon da ake aunawa tudun yashi ake tarawa, kuma kafin a fara sai an sa mu mun tsince duk wani dutse a wurin. Muna ganin kamar muguntar saje ce kawai. Sai wata rana wani ya harba ƙasa, harsashi ya sami dutsen da muka yi ƙyuya muka bari, ya yi wani irin kuka mai tsawo, ya dawo ya fasa butar shayin sajen a gefen ƙafarsa. Tsallen kwaɗon da muka sha ranar har yau cinyoyina suna tunawa. Amma mun koya: ƙarfe mai tauri in ya daki dutse ba ya mutuwa a nan, dawowa yake yi.

Na tambayi tsohon yaushe maharba suka fara ɗura boris. Ya ce ai tun da arzikin mai ya shigo, kekuna da manyan motoci suka cika hanya, makanikai suna zubar da shi a bola. Ga shi kyauta, ga shi a mulmule, ga nisan zango. Wa zai tsaya narkar da dalma? Ita dalma laushi gare ta, tana dukan dutse take bajewa ta faɗo. Sun canza abin ɗuri, ba su canza wurin gwaji ba.

Na wuce gidan Sarkin Baka da zafina. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, amma ina fara bayani ya katse ni.

"Yaro, kaki ba ya koya wa mutum dawa. Tun ba a haifi ubanka ba ake harbin dutsen nan."

"Ranka ya daɗe, da boris ake harbinsa?"

"Me ya sa duk bindigogin da suka ci baya nasa ne?"

"Don duk bindigogin da ke wurin nasa ne, ranka ya daɗe."

Na san na wuce gona da iri, mutanen da ke zauren suka yi ta salati. Amma maganar ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Ya ce yanzu yana da sabuwa, daga Kano aka kawo masa, a haɗu a gindin dutse ranar da za a sake gwaji, gani ya kori ji.

Shawo kan Baba ya fi wuya. Sai da taubashinsa ya hau jaki ya zo har Birnin Kudu ya tsaya a ƙofar zaure yana kiransa matsoraci, maƙerin da ke gudun ƙarar bindigarsa, sannan ya tashi ya ɗauko hula.

Da hantsi muka taru, mutane kamar ranar kasuwa. Na kafa gungume na ɗaura masa zana a bayan wurin tsayawa, na kori kowa zuwa bayan wata ƙatuwar kuka. Na roƙi Sarkin Baka ya bari a ɗaure bindigarsa ta Kano a gwafa, a ja kunamar da igiya daga nesa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya buɗe rigarsa ya nuna mini layu da guraye jere a ƙirji, ya ce shi ba a ɗaure masa bindiga kamar akuya. Ya ɗura boris da hannunsa. Na sake roƙonsa, don Allah ya sani ba na son a wanke ubana da jinin wani. Ya ture ni.

Ya auna, ya harba. Hayaƙi ya turnuƙe, sai kukan nan da na sani ya ratsa iska. Hular Sarkin Baka ta tashi sama ta faɗi can baya, zana ta yi girgiza. Shi kuwa yana tsaye bai motsa ba, hannunsa a kan ƙoƙon kansa yana laluben ko yana nan. Aka ɗauko hular, ga huda gaba da baya. Aka ciro boris daga jikin gungumen da na ɗaure zanar, gefensa a goge fari. Tsohon taubashi ya ɗingiso ya ajiye nasa kusa da shi a tafin hannuna, kamar tagwaye.

Da numfashi ya dawo wa Sarkin Baka, abin da ya fara cewa shi ne, "Kun ga aikin laya ko?" Wurin ya ɓarke da dariya, har shi sai da ya murmusa. Amma dattijo ne, ya juya ya nemi Baba da ido ya ce, "Malam, na ɗauki alhakinka. Dutse ne, ba hannunka ba."

Baba ya matso gaba. Ya miƙa hannu na ba shi bindigar nan da aka ce tana cin baya, wadda na taho da ita daga gida, ya ɗura mata dalma a hankali, ya je ya tsaya. Sai na ga taubashinsa ya jefar da sanda, ya ja ƙafa ya je ya tsaya a bayansa, daidai inda ya faɗi a wancan karon. Na yi tsawa na ce ya matsa. Ya ce, "Rufe mini baki, soja. A nan na faɗi, a nan zan tsaya." Na san dalma ba ta dawowa, sai na ƙyale shi, Baba ya ɗaga bindiga ya auna.

Ta tashi. Toka ta yi tsalle daga tsakiyar da'ira, dalma ta baje ta gangaro ƙasa kamar ɗanyen ƙosai. Babu kuka, babu komai. Maharba suka kaure da kirari da ihu, mata daga gonaki suna guɗa ba su ma san abin da ya faru ba. Tun daga ranar aka mayar da gwaji jikin wani babban shuri, inda ƙasa ke haɗiye duk abin da aka jefa mata.

A hanyar komawa Baba bai yi mini godiya ba, ban kuma sa rai ba, na san halin kayana. Washegari bayan sallar asuba ina kwance na ji yana korar kaji daga maƙera, sannan na ji ƙamshin gawayi. Ya leƙo ƙofar ɗakina, masaba a hannunsa.

"Kai soja, barci ka dawo yi? Taso ka yi mini zuga."