Madatsar Laka a Bakin Gonar Albasa

Jiya na kai injiniyoyinmu lacca a Goronyo. Da muka kamo hanyar Wurno, kowa ya duƙufa kan wayarsa, sai na tuna Baba, tsohon injiniyan da na yi wa direba. Shi in an tashi daga lacca, yakan maimaita mini ita a mota.

Wata rana na jiyo ta tagar ɗakin lacca ana bayanin yadda ruwa ke ɓula madatsa. Iyalina kuwa a gangaren madatsar Goronyo suke. A hanyar dawowa na yi ta tuƙi ina salati.

"Direba, mi yas same ka? Aljani ka gani?"

"Baba, ashe madatsa na hwashewa?"

Ya yi dariya, ya sa na tsaya bakin gonar albasa. Ya naɗe riga, ya tsuguna, ya gina 'yar madatsa da laka mai sanyi, ya nuna mini inda suke dubawa da yadda ake toshewa.

"Don kada ta hwashe muke zuwa koyo, har mu tsohhi. Tahi ka yi kwana."

Daren ranar kuwa na yi barci. Ga damina ta sake ƙaratowa, tsorona ya dawo, Baba kuwa ya rasu, babu wanda zan tambaya. Allah Ya kwantar da shi cikin natsuwa, yadda ya kwantar mini da hankali.