Titin da Ɗan Kwangila Ya Yi a Kan Hedimasta

In ka shigo layinmu kana neman shagon Ɗan Kwangila, kada ka sa ran ganin siminti ko tsakuwa. Shagon aski ne: kujera mai juyawa wadda ta gaji da juyawa, madubi mai tsagi a kusurwa, sai bencin masu jiran layi. Sunan ya samo shi ne wata Talata, da hedimastan makarantarmu ya shigo a ɗan rage masa suma zai je taro. Mai askin ya kunna inji, ya manta bai maƙala masa mataji ba, ya ɗora daga goshi ya zarce har ƙeya. Titi ne sambal, ba kwana ba gargada.

Hedimasta ya dubi madubi ya ce, "Malam, aski na ce ka yi mini, ba hanyar mota ba!"

'Yan benci suka kwashe da dariya. Dole aka aske sauran tas, hedimasta ya tafi taronsa da hula har kunne. Kafin la'asar suna ya bi gari.

Shekara talatin mutumin nan yana aski bai taɓa ko ƙwarzanar wani ba. Abin da ya ɗauke masa hankali ran nan, sai daga baya maiɗakinsa ta faɗa wa matan layi.

Wata takwas kafin nan likitoci suka ce ciwon daji ke damunta, suka ɗora ta kan magani mai ƙarfi. Gashinta ya riƙa zubewa a kan matashi, curi-curi. Da abin ya ishe ta, ta ce masa, "Baban yara, kai da kake aske kan duniya, zo ka raba ni da wannan." Ya rufe ƙofar ɗaki, ya ɗaura mata ƙyallen da yake ɗaura wa kowa, ya aske ta. Da ya gama ya share gashin, amma ya rasa inda zai zubar.

Bai fasa salla ba, bai fasa buɗe shago ba. Sai dai zuciyarsa ta bushe. Yakan ɗaga hannu ya yi addu'a ya shafa, ya ji kamar mai sallama a gidan da aka tashi, sannan ya yi istigfari don ya ji hakan. Kullum da safe yana kallon yadda wuyan hannunta ke ƙara sirancewa.

Safiyar Talatar nan ta zauna bakin gado ta cire ɗankwali za ta gyara ɗauri. Hasken taga ya faɗo a kanta, sai ya ga wani duhu-duhu. Idon mai aski ba ya ɓatan wannan. Ya matso ya ɗora tafinsa. Gashi ne sabo, mai laushi kamar na jariri, ya tsiro ko'ina bai bar ko tabo ba.

Ta ce, "Me kake lalube? Ko ka hango kwastoma ne?"

Shi dai ya ci gaba da shafa kan nata. Shekara talatin yana share gashi a matsayin shara, yana zubarwa a bola. Mutum ya tafi da kai fes, bayan mako biyu ya dawo da suma, shi kuwa bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa Wa ke mayar da ita ba. Ashe Wanda yake ta kira yana nan kusa, yana aiki sili-sili a kan matarsa, shi yana barci. Da wannan ya fita shago, ido cike da ƙwalla, sai ga kan hedimasta a gabansa.

Maiɗakin nasa tana nan da ranta. Likitoci ba su yi musu alkawarin komai ba, duk wata uku sai sun koma an duba ta. Shi kuwa tun daga ranar, kafin ya kunna inji yakan ɗora tafinsa a kan mutum, leɓɓansa na motsi. Sababbin zuwa sukan ɗauka yana auna siffar kai ne.

Hedimasta ya yi ritaya, kuma har gobe nan yake aski. In ya zauna sai ya ce, "Ɗan Kwangila, yau ina za a yi titin, ta tsakiya ko ta gefe?"

Rannan mai askin ya kakkaɓe ƙyalle, ya ɗaura masa a wuya, ya ce, "Malam, ka yafe mini mana haka. Ni yankewa kawai na iya. Wanda ya rufe maka titin nan cikin mako uku, ka kwanta ka tashi ba ka ji ko motsinsa ba, Shi ya kamata mu riƙa zance. Sunkuyar da kanka."