Ruwan Tsoho Ya Dawo

Duk lokacin da na ji ƙamshin kanumfari a kunu, kakana nake tunawa. Masunci ne a bakin kogin Wudil, amma da ƙuruciyarsa ya yi aiki a jirgin ruwan Turawa. Jirgin ya taɓa tsayawa da su a wani tsibiri inda ake shanya kanumfari a titi, kamar yadda muke shanya barkono.

Wannan kowa ya yarda. Zancen ruwa ne ya jawo masa. Ya ce a can teku yakan janye da safe, ya bar kwale-kwale kwance a kan yashi, kafin la'asar ya dawo. Ka san mutanen bakin kogi: ruwa da damina yake cika, da rani yake janyewa, ban da haka ba su san komai ba. Masunta suka yi ta dariya. In wani ya shirga ƙarya a kasuwar Juma'a, sai a ce, "Ruwan tsoho ya dawo." Ni ma na sha tsokanarsa, na fake da wasan jika. Ba ya jayayya. Sai dai ya ci gaba da ɗinkin komarsa, ya ce, "Idona ya gani." A haka ya rasu, ana yi masa kallon maƙaryaci.

Bara aiki ya kai ni tsibirin nan da ya sha ambata. Aka zaga da mu tsohon garin: ganuwar Turawa, igwa mai tsatsa tana fuskantar teku, ƙofofin katako masu sassaƙa, lungunan da ko jaki mai kaya ba zai wuce ba. Ɗan rakiyarmu yana ta zuba tarihi, ni kuwa hankalina yana kan ruwa. Na bar su, na zauna a kan ganuwa tun hantsi. Ina kallo ruwan ya janye, jirage suka kishingiɗa a yashi. Ina nan zaune ya dawo. Kunya ta kama ni, ga shi ba wanda zan ba haƙuri.

Yau yaran Wudil a waya suke ganin irin wannan, ba wanda ke mamaki. Cikin masu dariyar nan baffana kaɗai ya rage. Na kai masa bidiyon da na ɗauka, ya kalla sau biyu, ya miƙo mini wayata.

"Kai ma ka fara?" in ji shi.