Ɗigon Tawada a Kusurwar Kati

Da sunan Allah, Masanin abin da zukata suka ɓoye. Bayan haka, ina so in rubuta kaɗan daga labarin wani abokin aikina, wanda muka yi shekara goma sha tara muna zama a ɗakin malamai ɗaya, ina koyar da Larabci, yana koyar da labarin ƙasa. Tun daga shugaba har mai shara, kowa Malam Jadawali yake ce masa, domin shi ne ya tsara jadawalin darussan makarantarmu shekara ashirin da shida a jere.

Bayan ɗakin malamai akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, inda ake jibge karyayyun kujeru. A bangonsa ya kafa faffaɗan katako ya jera ƙusoshi a kai, kwana biyar daga sama zuwa ƙasa, darasi takwas a kowace rana, kowane aji da yankinsa. Yakan yanka katuna daga bangon tsofaffin fayil, kowane malami da launinsa, ya huda su ya rataye. Ranar da aka rufe makaranta don dogon hutu kowa ya watse, ranar ce aikinsa ke farawa. Yakan shafe sati shida yana cire kati yana mayarwa, har ya zamana babu malamin da ake nema a aji biyu a lokaci ɗaya.

Amma ba wannan ne asalin aikin ba. Kafin a tafi hutu, malamai sukan zo masa ɗaya bayan ɗaya, su tura ƙofa, su rage murya. Wata ta roƙi kada a sa mata darasin farko, wani ya roƙi a bar masa yammacin Laraba, kowa da uzurin da ba ya so a ji a ɗakin malamai. Bai taɓa rubuta uzurin kowa ba. Sai dai ya ɗiga tawada a kusurwar katin mutum, ya riƙe dalilin a ransa. Idan kati ya tsufa ya yanka sabo, ya kwafe sunan darasin, ya kwafe ɗigon.

Mai ɗakinsa ta daɗe da sanin cewa ba ta da miji a dogon hutu. Saboda haka kowace shekara takan haɗa kayanta ta tafi wurin 'yarsu da ke aure a wani gari. Takan ce da a ce ita kati ce, da ko ƙusa ɗaya ta samu a bangon nan.

A shekarar da nake magana a kanta aka kawo mana sabuwar shugaba, mace mai ladabi wadda ba ta kewaye-kewaye a zance, kuma ba ta girmi 'yarsa da yawa ba. A satin ƙarshe kafin hutu ta kira shi ofis, ta miƙe ta ba shi kujera, ta shaida masa cewa daga bana kwamfuta ce za ta fitar da jadawali, kuma aikin wuni ɗaya ne. Ta ba shi takarda mai gida uku: sunan malami, abin da yake bukata, da dalili. Ta ce ƙananan malamai sun kawo mata kuka cewa kullum su ne a darasin farko, su ne a na ƙarshe, kuma babu mai gaya musu me ya sa. Don haka ba za ta shigar da bukatar kowa ba sai da dalili a rubuce. Ta ba shi sati uku.

"Sauran hutun kuma naka ne, Baba," in ji ta. "Ka je ka huta. Ka yi mana ya isa."

Ya yi godiya, domin bai ga abin da zai ce ba wanda ba godiya ba.

An raba wa ma'aikata duka wata takarda ta shawarwari a kan kula da kai a lokacin hutu: a yi barci isasshe, a sha ruwa, a yi tattaki, a ziyarci abokai. Yawancinmu mun yi fifita da ita muka bar ta a kan tebur. Shi kuwa ya kai ta gida, ya juya bayanta, ya ja layuka da abin awo, ya tsara wa hutunsa jadawali. Tattaki bayan sallar asuba, karin kumallo, karatu, gyaran famfon banɗaki da ya yi wata huɗu yana ɗiga. Ya gaya mini cewa a ranar farko, kafin ƙarfe goma na safe ya gama duk abin da ya rubuta har na washegari. Ya zauna a falo. Keken ɗinkin mai ɗakinsa na lulluɓe da zane a kusurwa, firji na gurnani, kuma a ranar ya fara lura cewa rana na shigowa ta tagar falon ta bi ta kan tabarma har ta hau bango, abin da bai taɓa gani ba cikin shekara ashirin da ya yi a gidan. Sau biyu ƙafarsa ta kai shi ƙofar makaranta ba da niyyarsa ba. Ya gaisa da maigadi ya juyo.

Da mai ɗakinsa ta kira shi a waya ta ji an sallame shi daga katuna, sai da ta yi dariya har da tari. Ta ce ya taho wurinsu mana, ga jikoki. Ya ce akwai takardar da zai cika tukuna. Ta ce ita dama ta sani, ko a Lahira aka ce ya huta sai ya tambayi ƙarfe nawa ake tashi.

Takardar kuwa ta tsaya masa a rai. Ya kwaso katunan ya ƙirga, ya samu guda goma sha ɗaya masu ɗigo. Idan ya rubuta dalilan, ya tona abin da aka ba shi amana a bayan ƙofa. Idan bai rubuta ba, bukatun sun faɗi, kuma mutanen da suka dogara da shi za su dawo hutu su tarar an kwashe musu inuwa. Ya yanke shawarar zai je wurin kowane ɗaya ya nemi izininsa, ido da ido, domin a ganinsa irin wannan magana ba ta waya ba ce. A nan ya gano cewa cikin goma sha ɗayan nan gidan mutum biyu kaɗai ya sani. Maigadi ne ya kwatanta masa sauran.

Ya fara da malamar kimiyya. Ta yi mamakin ganinsa, ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo ruwa. Bayan gaisuwa ya rage murya kamar yadda suka saba, ya ce ya zo ne a kan maganar darasin farko, ko ta yarda ya rubuta cewa tana kai mahaifiyarta asibiti da safe. Ta dube shi.

"Malam, Inna ai shekararta biyar da rasuwa. Har da kai aka zo mini gaisuwa."

Haka ne kuwa. Ya tuna ranar, ya tuna har inda ya ajiye takalminsa. Amma ta'aziyya ta zauna a wani sashe na zuciyarsa, ɗigon ya zauna a wani, ba su taɓa haɗuwa ba. Ta ƙara da cewa ita tun tuni ta fi son darasin safe don ta koma gida da wuri, amma da ta ga shekara da shekaru ana jefa ta yamma, sai ta ɗauka ko wani laifi ta yi masa, ta ji nauyin tambaya.

Ya sami malamin lissafi yana wanke mota a ƙofar gida. Shi ɗigonsa na yammacin Laraba ne, saboda karatun ƙaro ilimi da yake zuwa. Ya kashe famfo ya riƙe ciki don dariya. Ya ce ya gama karatun nan shekara tara da suka wuce, tun daga lokacin kuwa yammacin Laraba barci yake yi, yana yi wa Malam Jadawali addu'a kafin ya kwanta. Wata malama ta nemi sassauci don shayarwa, yaron yanzu yana aji huɗu. Wani ya rantse bai tuna ya taɓa roƙon komai ba. Biyu kuma an daɗe da yi musu canjin makaranta, waɗanda suka gaje su suka gaji launin katinsu, suka gaji ɗigon, suna cin moriyar uzurin mutanen da ba su taɓa gani ba.

Wanda ya ɗan zauna gaban malaman fiƙihu ya san rangwame yakan ƙare idan uzurin da ya jawo shi ya ƙare. Matafiyi ba ya ci gaba da sallar ƙasaru bayan ya sauke kayansa a gida. Abokina ya san wannan sarai. Bai yi ha'inci ba, bai fifita kowa don son rai ba. Ya dai ƙware a riƙon amana har ya manta cewa ana komawa a tambayi mai ita. Kuma duk darasin da ya ɗauke wa mai ɗigo, a kan wani ya sauke shi. Ya ce da ni abin da ya fi yi masa ciwo a kwanakin nan shi ne, duk gidan da ya shiga an karɓe shi da mutunci irin wanda ake yi wa baƙo. Ya san ciwon kowa na shekarun baya, bai san sunan ɗan kowa ba.

Na ƙarshe shi ne malamin tarihi, dattijo mai raha, wanda saura shekara biyu ya yi ritaya. Ɗigonsa shi ne a bar shi a ajin ƙasa na gefen gabas mai manyan tagogi, kada a kai shi azuzuwan bene masu duhu, domin idonsa ya yi rauni. Malam Jadawali ya je yana fatan wannan ma ya wuce, ko an yi masa aiki ya warke. Ya tarar da shi a tsakar gida, ya kai littafi dab da hancinsa cikin tsakar rana.

Da ya ji abin da ke tafe da shi, raha ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce abin ƙaruwa ya yi. Darussansa duk a ka suke yanzu, yara kuma da murya yake gane su. A ajin nan mai haske yana iya rubutu a allo a miƙe, a bene kuwa ko matakala ba zai gani ba.

"Idan ka rubuta ido, za su tura ni gaban likitoci, kai ma ka san ƙarshen zancen. Ka bar ni in fita ta ƙofa da ƙafata. Kada ka rubuta."

Ya yi masa alkawari ba zai rubuta ba. Bai yi masa alkawarin ajin ba, domin ba a hannunsa yake ba kuma.

Ranar da sati uku suka cika ya je makaranta. Babu kowa sai shugaba a ofis, fanka na juyawa, harabar ta cika da busassun ganye. Ya ajiye mata katuna goma, ya bayyana mata abin da ya tarar ba tare da ya ambaci uzurin kowa ba. Ya ce ƙananan malamai sun yi gaskiya, an ɗora musu nauyi a kan dalilan da suka daɗe da mutuwa, kuma shi ya ɗora, zai nemi yafewarsu da bakinsa idan an dawo. Sa'an nan ya miƙa mata takardar. Layi ɗaya ne a cike, gidan dalili kuma babu komai.

Ta ce ai ya san ƙa'ida. Ya ce ya sani, kuma bayan abin da ya faɗa mata yanzu ba shi da bakin da zai ce ta amince da shi. Amma ba zai rubuta ba, kuma ba zai ƙirƙiro wani dalili ya sa a wurin ba. Ta yi ta juya alƙalami, har ya fara tattara hularsa da ke kan gwiwa.

"Baba, wannan ɗin yana nan da ransa, ko shi ma irin sauran ne?"

"Ranar Alhamis na gan shi da idona."

Ta jawo takardar, ta rubuta a gidan dalili cewa an bincika an tabbatar, ta sa hannu da kwanan wata. Ta ce na shekara ɗaya ne, baɗi sai an sake dubawa. Ba ta ce ya dawo wa aikin jadawali ba, shi ma bai roƙa ba. Kwamfuta ta fitar da jadawalin a wuni ɗaya kamar yadda aka ce, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Daga makaranta bai nufi gida ba, ya wuce wurin malamin tarihi. Ya same shi zaune a kan benci a ƙofar gida. Dattijon ya ɗaga kai yana kallon mai zuwa, bai gane shi ba sai da ya yi sallama.

"An bar maka ajinka," in ji Malam Jadawali.

Dattijon ya yi hamdala sau uku, ya matsa masa wuri. Suka zauna. Shekara ashirin suna aiki tare, ba su taɓa yin zancen da ya wuce darasi da aji ba, yanzu kuma wannan zancen ya ƙare. Mota ta wuce, wata mata ta wuce da yaro a hannu. Can malamin tarihi ya laluba gefensa ya ɗauko jarida, ya ce ta shekaranjiya ce, manyan baƙaƙen kawai ya iya gani. Malam Jadawali ya karɓa ya gyara tabarau, ya tambaye shi daga ina zai fara. Ya ce daga ko'ina. Ya karanta masa har aka kira la'asar.

Allah Ya lulluɓe mu da suturarSa, Ya yafe mana abin da muka ɗora wa bayinSa ba mu sani ba.