Baba Arezki, Maginin da Ya Hana Ni Bene

A da, kafin hantsi za ka hango Baba Arezki yana gangarowa ta cikin itatuwan zaitun na garinmu, Tala Uzru, guduma a kafaɗa, gurasa da busasshen ɓaure a aljihu. Gajimare na kwance a kwari, kai ka ce a kansa yake takawa. Ba ya wuce bango bai shafa shi ba. Shekara arba'in da bakwai yana gini a duwatsun nan namu na Kabiliya, bana hannu ya fara rawa, ya ce ya ajiye guduma.

Gininsa daban yake. Duk kamu uku na dutse sai ya kwantar da gungumen itace a cikin bango, ya sarƙe shi da ɗan'uwansa a kusurwa. Masu siminti da rodi ba irin tsiyar da ba su yi masa ba.

"Baba, gida kake ginawa ko murhu kake haɗawa?"

"Naku ya iya tsayuwa, nawa ya iya rawa," in ji shi. "Ƙasar nan wata rana kiɗa take yi."

Na taɓa ganin ya fasa dutse can saman tsauni, sai ga katantanwar teku a ciki, fara sol. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannu. Ya ce nan da muke zaune, a da kifi ke yawo. Da muka sauko gida, ya sa ƙafa ya tura tabarma jikin bango har ta tattare. "Ka ga duwatsunmu ke nan. Ƙasar Afirka na tura ta Turai a ƙarƙashin teku, sannu sannu, ko farcenka ya fi ta saurin girma. Dutse ya yi ta haƙuri, ya yi ta haƙuri, ranar da ya gaji sai ya zame." Ni kuwa na gyaɗa kai kawai, hankalina yana kan aure.

A garinmu duk ɗan da zai yi aure sai ya ɗora bene a kan gidan iyaye, shi ya sa kowane rufi za ka ga rodi tsaye yana jiran ango. Ni ma na so nawa a kan ɗakin Inna Farruja, mahaifiyata, wadda ƙafafunta suka mutu tun shekarun baya. Baba Arezki ne ya gina ɗakin. Da na kira shi, ya dubi bangon, ya dubi gadonta.

"Mezyan, ba zan ɗora dakalin siminti a kan matar da ba ta iya gudu ba."

"To ai ba kai kaɗai ne magini ba."

"Gaskiya ne. Amma duk wanda ka kawo, a kan rufin nan zai tarar da ni zaune."

Wallahi kuwa ya aikata! Kwana uku yana zaune a rufin gidanmu yana cin ɓaure, har maginin da na ɗauko ya ji kunya ya tafi. Na gina ɗan ɗakina a gefe ina ƙunci. Shekara biyu ban gaishe shi ba, kuma ina jin kunyar rubuta wannan.

Ranar da ƙasa ta motsa, lokacin tsinkar zaitun ne, da hantsi. Duk mai ƙafa yana gona, tsofaffi kaɗai ke gida. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, zaitun ya zubo ba wanda ya kaɗa shi, hanya ta yi ta lilo a gabana. Na ruga gida ina kiran Inna. Benaye biyu a layinmu sun durƙushe a kan ɗakunan ƙasa, ba kuma kowa aka fitar da rai ba.

Ɗakinta ya tsage, yaɓe ya zube, gungumen nan sun fito fili suna ƙara, amma rufin bai faɗo ba. Tana kwance, ƙasa a gashinta.

"Kai, me ya same ka kake haki haka? Ɗakin nan jijjiga ni ya yi kamar goyo. Miƙo mini ruwa."

Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Baba Arezki, kai ne ka ɗauki baƙin jini a wurina ka saya mini uwa da shi. Na gaida mai hannun dutse. Da na zo ba ka haƙuri, ba ka ma bari na gama ba, ka ce in riƙe maka tsani.

Ku masu gini na yanzu, mutumin nan yana raye, bakinsa kuma bai gaji ba. Ku je ku zauna, ya nuna muku yadda ake sarƙe kusurwa da yadda ake ce wa mai gida a'a.

Na gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri. Saboda taurin kanka, har yau idan na leƙa da safe na ce, "Inna, kin tashi lafiya?" akwai mai amsa mini.